Tudun da Ruwa Ba Ya Ci

A tsakiyar birnin kogi ya rabu biyu, ya bar tsibiri a tsakani, sannan ya sake haɗewa can ƙasa da kasuwa. Nan aka haifi Mai Fito, nan ya yi furfura yana tsallakar da mutane a kwale-kwale. Tsibirin duk fadama ne, damina na kankama ruwa ke shiga har ɗaka. Tudu ɗaya tak ruwa ba ya ci, shi ya sa tun kaka da kakanni can suke binne mamatansu. Ba dutse ba alama, kowa da bishiya yake gane nasa. Matar Mai Fito tana kwance a gindin mangwaro, ya kuma bar wa kansa wuri kusa da ita. Iyakar burinsa ke nan a duniya.

Bakinsa ne ya ja masa. Shekarar da za a yi gada, wasu masu awon ƙasa suka shiga jirginsa. Babbansu ya ce, "Baba, ina ne ruwa ba ya kaiwa a nan?" Mutumin naku kuwa, a tambaye shi kogi, ai an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ɗaure jirgi, ya shige musu gaba har kan tudun yana ta zuba. Bai ce musu maƙabarta ce ba. A ganinsa wa zai tsaya a nan bai sani ba? Ko ɗan yaye a tsibirin ya sani.

Gada ta kashe fito. Aka kwashe mutane zuwa bayan gari, aka ce tsibiri ya zama wurin shaƙatawa. Mai Fito ya bi ofis-ofis yana cewa akwai bayin Allah a ƙarƙashin tudun nan, aka ce ya kawo shaida. Shaidar dai bishiyoyin ne, su kuma tuni aka sare su, wai suna tare wa baƙi kallon kogi. Aka malala siminti a kan tudun, aka jera kujeru da laima, aka buɗe wurin shan lemo.

Da tsufansa ya roƙi aikin shara a wurin, aka ba shi. 'Yarsa ta yi faɗa har ta gaji.

"Baba, ka bar wahalar nan. Inna ba ta san kana yi ba."

"Ni na sani," in ji shi.

Ranar da ta raka shi, ta karanta masa allon tarihi da ke bakin ƙofa, wai da can ba kowa a tsibirin sai tsuntsaye. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce, "Ashe tsuntsaye ne mu."

Yanzu kullum da safe, kafin masu ɗaukar hoto su cika wurin, sai ya jingine tsintsiya ya yi ta duban simintin, ko'ina iri ɗaya. Jiya a gefen firji ya durƙusa ya yi wa matarsa addu'a. Yau a ƙarƙashin wani teburi. Bai san inda take ba, balle inda ya bar wa kansa.