Idanun 'Ya'yan Yayana

Ni mace ce mai yawan damuwa tun ina ƙarama. Idan na rufe ƙofa sai na koma na duba, idan na yi alwala sai na yi ta shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. A Tsibiri aka haife ni, lakwal ɗina bai wuce aji shida ba. Ina budurwa yayana ya makance yana saurayi, ba ciwo ba rauni, ido garau amma tsakiyar gani ta tafi. Ni na zama mai riƙe masa sanda. Na kai shi masallaci, na kai shi kasuwa, har zance ni na raka shi. Ina tausayinsa ƙwarai, amma can cikin raina ina ganin ni ce Allah ya tsallakar.

Aure ya kawo ni Sabon Gari a Maradi. Babban ɗana ya taso yana kabu-kabu da moto, kowa na yaba hankalinsa. Wata rana ya ce mini fuskokin mutane sun soma yi masa hazo a ido ɗaya. Kafin damina ta wuce ɗayan ma ya bi. Muka yi ta yawon magani har Yamai. Wata likitar ido ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, na ba ta labarin yayana da wani kawunmu. Ta bayyana mini cewa a cikin ƙananan ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu abubuwa kamar murhu, su ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi, ana ce musu mitokondiriya. Jijiyar ido tana cin ƙarfi da yawa, in murhun ya yi rauni ita ke fara gajiya. Ta ce daga uwa kaɗai ake gadonsu, namiji ba ya ba 'ya'yansa. Ta ce ba duk mai ɗauke da raunin ke makancewa ba, ta kuma hana ɗana kusantar taba.

A mota muna dawowa abu ɗaya nake juyawa. Yayana makaho ne, amma 'ya'yansa sun tsira. Ni mai ido biyu, ni na zuba wa ɗana. Daga ranar hassada ta shige ni. In 'ya'yansa sun zo gaishe ni, idanunsu nake kallo. 'Yarsa ta zura mini zare a allura sau ɗaya tak, na ji kamar in fizge. Bayan kowace salla ina istigfari, in tashi in tarar abin yana nan. Na daina zuwa Tsibiri. Babban ɗan yayana ya zo zai ɗauki ɗana a moto su sha iska, na ce yana barci, alhali yana zaune a ɗaki yana jin mu.

Ɗana kuwa ya daina fita. Ni ke ba shi ruwa a hannu, ni ke kawar da komai daga gabansa, kullum ina sauya wa kaya wuri don kada ya yi tuntuɓe. Ya rame, ya bar magana, har masallacin ƙofar gida ya daina zuwa.

Wata safiya sai ga yayana shi kaɗai da sandarsa, ya shigo taksi daga Tsibiri. Tun daga zaure yake kirana auta, yana tambaya ko an sayar da hanyar Tsibiri ne bai ji ba. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. Na ce masa shi ke da ciwon amma ni ke biya, ya je ya ji daɗin 'ya'yansa masu ido.  Sai ya ce ya san wannan zafin sarai, don shekarun da nake riƙe masa sanda, babu ranar da bai yi ƙyashin idona ba, kuma ƙyashin bai taɓa ƙara masa ganin komai ba. Ya tambayi inda randa take. Na ce na matsar da ita jiya. Ya ce to ni ce nake makantar da yaron karo na biyu, in bar kowane abu inda yake, in kuma matsa daga ƙofa.

Ya shiga ɗakin, na ji yana ce wa ɗana ya tashi, ragon banza, kawunsa ya zo shan shayi kuma ba mace za ta dafa ba. Na tsaya a bakin taga ina leƙe, kada garwashi ya ƙone shi. Ya koya masa jin cikar kofi da kunne. Ɗana ya zubar, ya ƙone yatsa, sai na ji dariyarsa da na manta kalarta. Ranar ya bi kawunsa Tsibiri, yanzu tare suke saƙar kujeru.

Ba zan ce hassadar ta mutu ba, takan leƙo, musamman in na dubi 'yata na tuna ita ma tana ɗauke da abin. Amma na gane gado ba laifin kowa ba ne, ni ma daga innata na karɓa, ita ma ba ta sani ba. 'Yan'uwana mata, in ciwo irin wannan ya bi danginku ku je likita ku faɗi gaskiya. Kuma ku kula da wanda kuke jin zafinsa. Ni nawa yayana ne, shi kaɗai ya san hanyar da ɗana zai bi, na tsare masa ƙofa wata da watanni.