Kumfar Shayin Kawu Isufu

Jama'a, jiya na tafka abin kunya a Babura.

Ina zaune a majalisar Kawu Isufu, ƙanin mahaifiyata, dillalin dabbobi da ya daɗe yana shiga Nijar. Kusan awa guda yana dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, yana ɗaga hannu sama yana tsiyayawa, har kumfa ta cika rabin ɗan kofin gilashin.

Ya miƙo mini, baƙi ƙirin. Ni da na saba da shayinmu na Kazaure mai madara da burodi, sai na hure kumfar ta zube ƙasa, na shanye lokaci guda. Ɗaci ya kama ni har kunne, idona ya kawo ruwa.



Kawu ya dubi kumfar a ƙasa, ya dube ni. "Ɗan nan, maganin zazzaɓi na ba ka?"

"Kawu, ɗacin ne ya yi yawa."

"Ai ɗacin ake nema. Kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan. Kumfar kuwa wahalar hannuna ce, a kofi ake barin ta don zagaye na biyu."

Da na biyun ya zo, na kurɓa a hankali. Ashe bayan ɗacin akwai wani ƙamshi da ke zama a harshe!

Kawu ya ce, "Yauwa. Na uku mai zaƙi ne, na yara. Shi zan ninka maka."

Ni fa 'ya'yana huɗu, har da furfura.

Masu shan baƙin shayi, ku faɗi gaskiya: daɗi kuke ji, ko kunyar tofarwa ce?