Kawu Fuseini da Hular Kwano

Ku da kuka san Kawu Fuseini, don Allah wa ya taɓa ganin tsakiyar kansa? Suna, biki, zaman makoki, hular kwano na kai. Ko da babur ɗinsa yana gida, a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya zo! In an yi dariya sai ya ce, "Ni nake ganin abin da ya rage bayan kai ya bugi kwalta. Ku ci shinkafarku."

Aikinsa ke nan a asibiti. In mutum ya bugu a ka, ko ɓarin jikinsa ya shanye, Kawu ke gwada tunaninsa da maganarsa, ya sake koya masa abin da ya ɓace. Mutanen unguwar Sakasaka dai "likitan mahaukata" suke ce masa. "Shi ya sa na gina gida a unguwarku," in ji shi.

Ranar aurena kowa atamfa ya kawo, shi ko ya miƙa wa angona Idrisu hular kwano. Da ya leƙo mu a gidanmu na Gurugu, sai ya tarar kaza ta yi ƙwai a cikin hular. Ya daɗe yana kallo. "Rabi, kazar nan ta fi mijinki sanin abin da ke fashewa."

Ai kuwa Idrisu ya faɗi da babur. Ya farfaɗo, amma sunana ya ɓace masa, magana ma sai ta tsinke a tsakiya. Dangi suka ce aljanu ne, in koma gidanmu. Wallahi na tsorata, har na haɗa kaya. Kawu ya zo ya zauna daram a kan akwatina. "Aljanin nan sunansa kwalta. Kawo mini koko."

Kullum da yamma sai ya aiki Idrisu sayen ƙosai da yaji, yana biye da shi kamar ɗan sanda. Idrisu ya dawo da sabulu, Kawu ya ce, "Madalla, ka dai gane gida. Gobe ƙosan." Rannan Idrisu ya shigo da ƙullin ƙosai a hannu ya ce, "Rabi, karɓi." Na saki ludayi. Kawu ko a jikinsa: "Ina yajin?"

Ranar da aka kai Kawu makwanci, maza suka dawo suka ce mini Idrisu ne ya ja addu'a a bakin kabari, daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Na yi kuka har na gode Allah. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya riƙe shi yadda ya riƙe mini gidana.