Don Crisanto da Macizan da Ya Kashe

Shekara talatin Don Crisanto Ayala ya yi yana kiwon shanu a gefen garin Concepción, kuma duk ƙauyenmu babu wanda ya kai shi kashe macizai. Kusan kowace damina sai ya wayi gari maraƙinsa mafi ƙiba yana ɗingishi, cinya ta kumbura, kafin gobe ya mutu. Sai ya ce saran maciji ne, ya ɗauki adda ya shiga ciyawa.

Ranar da likitar dabbobi, Dakta Liduvina, ta zo, ta tarar wani maraƙin ya faɗi. Ta danna cinyar, muka ji ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye.

"Baba, ina wurin saran?" ta tambaye shi.

Ya duba, ya sake dubawa, bai gani ba.

"Harbin daji ne," in ji ta. "Ƙwayar cutar tana cikin ƙasar nan, da ciyawa suke haɗiye ta."

"To me ya sa sai mai ƙiba, 'yata? Ramammun ba ciyawar suke ci ba?"

"Haka take yi, Baba. Ta fi kama masu jiki."

Aka yi wa garken rigakafi, mutuwar ta ragu, amma shi bai taɓa gamsuwa ba. Har ya tsufa, in muna shan tereré, shayinmu na ganye mai sanyi, sai ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka yi makaranta, duk macizan nan babu ko ɗaya mai laifi?"