Hancin Baba Ne Ya Ceci Ƙafata

Salamu alaikum. Wata bakwai ban leƙo nan ba, har na ji ana cewa na tsallaka Turai. Ban je ko'ina ba. Ƙafata ta hagu aka kusa yankewa.

Kun san ni, Habu na unguwar 220 Logements, wanda ke ɓoye wa ladan takalmi, wanda ke birgima a filin ƙwallo ba wanda ya taɓa shi.

Wata Lahadi muna marakana, wato ƙwallon titi, a bayan gida, wani ƙato ya shigo mini. Na ji ƙas, kamar an karya rake. Ina ihu, abokaina na dariya: "Tashi dalla, mun san ka!" Sai da suka ga ƙwaurina ya lanƙwashe inda ba gaɓa, jini na tsattsafowa, dariya ta ɗauke.

Babana mahauci ne, kuma a layinsu karaya ta mai ɗori ce. Aka kai ni wurin wani tsoho a unguwar Bracodi. Ya ja, ya tofa addu'a, ya jera karare, ya ɗaure tamau, raunin na cikin ɗaurin. Ya ce kar a kwance sai bayan sati uku.

Kwana biyu na ce yatsuna sun mutu. Inna ta ce, "Kai dai ba ka rabo da shiririta." Kwana uku na ce wuta nake ji. Baba ya ce, "Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Sau nawa na hana ka ƙwallon nan?"

Ban ga laifinsu ba. Ni na taɓa shafa jan tumatir a goshi don kar a aike ni.

Rana ta huɗu Baba ya dawo kasuwa da azahar. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Na ga hancinsa na motsi, irin yadda yake yi in an kawo masa cinyar sa da ta kwana. Ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da tsumman ɗorin.

"Innalillahi. Nama ya juya."

Ƙafata fa yake nufi.

Daga hawa na uku na benenmu ya saɓo ni a kafaɗa. Ya tare taksi da jiki, rigarsa duk jinin fawa, muka haye gada zuwa asibiti a Treichville.

Da aka yanke tsumman, Baba, mutumin da ke feɗe sa kafin rana ta fito, ya zame ya zauna a ƙasa. Ƙafar ta yi baƙi, ta kumbura kamar goran ruwa.

Likita ya duba hoton ƙashi ya ce, "Tsoho, da kun kai gobe, daga gwiwa zan cire. Yanzu ma ban yi alkawari ba."

Aiki biyu aka yi mini. Aka ƙwaƙule naman da ya mutu, aka kafa ƙarafa ta waje. Ƙaramin yatsana ya tafi. Kullum wankin ciwo, kullum allura, kullum sabuwar takardar magani, Baba ya karɓa ya fita ya sayo. Ya bar wa ƙanensa teburin nama. Shi ke kai ni ban ɗaki. Kafin masu jinya su shigo ya riga su sunsuna bandejin, har suka sa masa suna babban likita.

Wata safiya ya sunsuna, ya ɗago, ya ce, "Yau ba wari." Likita ya buɗe, ya ce ƙafa ta tsira.

Bayan an cire ƙarafan, mai gashin ƙashi ta ce in riƙa murza ƙwallo da tafin ƙafa. Washegari ga Baba daga kasuwar Black Market, ƙwallo a hammata. Baba! Da ƙwallo!

"A ɗaki kawai," in ji shi. "Na gan ka da ita a titi, ni zan ƙarasa abin da likita ya bari."

Na ce, "Baba, nawa za ka sayar da kilon ƙafar?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kwana biyu kana kirana ban amsa ba. Daga yau ko ƙarya kake, zan zo in duba."

Yanzu ina takawa ba sanda, da ɗan ɗingishi. Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci, da Inna, da 'yan marakana da suka yi ta sintiri da ayaba suna cinye rabi.

Jama'a, karayar da ta fasa fata asibiti ake kai ta. In an ɗaure, yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji, a kwance a ruga, kar a jira wari. Iyaye, ko ɗanku ya fi ni iskanci, in ya ce zafi, ku duba.

Jiya na yi tuntuɓe a matakala, na ce wayyo. Kafin in miƙe Baba ya iso, ba takalmi, ba hula.

Na ce, "Ba komai, Baba. Wallahi."

Duk da haka sai da ya durƙusa ya duba.