Kumatun Hajiya Rabi

Har gobe ina tuna ranar da wanzami ya hana ni yanka fuskar wata mata. Shekara biyu ke nan kafin in ajiye aiki, ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ɗakin shan magani a nan Matameye. Ku da kuka zo yanzu ba ku san daɗin wancan zamani ba: ranar kasuwa, layi har gindin bedi, wato dogon yaro, amma kowa ka san shi da sunan kakarsa.

Da hantsi sai ga Hajiya Rabi mai man gyaɗa ta shigo rufe da fuska, Baba Isuhu wanzami na biye da ita da zabirarsa. Ta yaye mayafi, na ga ƙulli-ƙulli a kumatunta, kamar an cusa ƙwayar wake. Ni kuwa da gaggawa aka san ni. Na ce maruru ne, kuma ƙa'idarmu a kansa ɗaya ce: a tsaga, a matse, a sa bandeji. Har na ɗauko wuƙar aiki.

Baba Isuhu ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Majo, taɓa dai tukuna. Wurina ta fara zuwa in tsaga mata, na ƙi. Babu zafi, babu ruwa ciki. Sannan ina zanena? Ni na yi mata shi tana jinjira, uku-uku a kowane kunci. Duba yadda ya shafe."

Raina ya ɓaci, ga ni da farar riga wanzami yana koya mini aiki. Amma na taɓa, na ji gaskiyarsa. Na ce, "Hajiya, me aka sa miki a fuska?"

Sai ta faɗa mini. 'Yarta da ke aure a Kano ce ta kai ta wani wuri aka yi mata allura, don kumatunta sun faɗa bayan doguwar jinya. An ce ta riƙa murza wurin kullum. Ita kuma kunya ta hana ta a gan ta tana gyaran fuska da jikoki a gida, sai ta bari.

Na buga wa likita waya a Damagaram. Ya bayyana mini cewa irin allurar nan sa fata take ta gina kanta a hankali, har ramuka su cike. In ba a murza ba, maganin yakan taru wuri ɗaya. Ya ce, "Kada ka kuskura ka yanka, tabo za ka bar mata har abada. Turo mini ita." Na mayar da wuƙar, na tura ta wurinsa.

Bayan wasu watanni ƙullin ya baje. Cikin damina Baba Isuhu ya rasu. Da aka yi bakwai, Hajiya ta zo, ba don ciwo ba. Ta ce, "Majo, zanen nan zai dawo kuwa?" Na ce likita ya ce maganin yakan ƙare da kansa bayan 'yan shekaru. Ta shafa kuncinta, ta ce, "To, alhamdulillahi. Irin na innata ne."

Tun ranar ban sake ɗaukar wuƙa ba sai na taɓa, na tambaya. Takarda ta koya mini ciwo, amma Baba Isuhu, Allah ya jiƙan sa, shi ya san fuskar da ke gabana.