Fim ɗin Baba da na buɗe wa rana

"Kawu, kar ka buɗe!"

Kafin Hadiza ta rufe baki, na riga na ɓalle murfin kyamarar, rana tsaka, a tsakar gida.

Hadiza ɗiyar yayata ce, tana karatu a Yamai. Wai can matasa sun koma ɗaukar hoto da fim, shi ne ta roƙe ni tsohuwar kyamarar marigayi Baba. Ni kuwa na ce ba a ba da kyauta da datti, bari in goge ta ciki da waje.

Ashe akwai fim a ciki.

Ta ce, "Haske ya cinye shi, Kawu. Mi ke ciki?"

Sai na tuna. Ranar sunan ɗana na fari Inna ta yarda Baba ya ɗauke ta, ita da ba ta taɓa tsayawa hoto ba. Ciwo ya kwantar da shi kafin ya kai wanki. Da ya rasu, ita ma ta bi shi, ba mu da hotonta ko ɗaya.

Shekara da shekaru fuskarta na jirana cikin duhu, na zo na goge ta da karambanina.

Jama'a, wa ya san mai wankin fim a Maradi? Ko inuwarta ce ta rage, ina so.